Daga Berger Zuwa Badagry: Neman Motar Shan Iska A Ikko

Mutumin Ikko ba ya shiga mota don jin daɗi. Da asuba yake shiga, ya ɗaga gilashi, ya kulle ƙofa, ya yi ta jan jiki cikin gosulo har Allah ya kai shi wurin aiki. Saboda haka ran da wani aminina, wanda muka tashi unguwa ɗaya a Zariya, yanzu kuma yake aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ya zo mini da maganar yana son sayen ƙaramar mota mai kujera biyu, mai rumfar da ake naɗewa, mai giyar hannu, wai don shan iska ran Asabar da Lahadi kaɗai, sai na yi masa dariya. Ban gama dariyar ba ya shawo kaina. Kuɗin da ya tara cikin shekara uku bai isa ba, ni kuwa a watan ne na kwashi adashen ofis. Muka shirya a kan in cika masa, motar kuma ta zama tawa Asabar ɗaya a kowane wata. Da maiɗakina ta ji labari, ta ce ita dai ba ta ce kome ba, amma in tuna kuɗin makarantar yara yana nan tafe a watan Janairu.

Da Berger muka fara. Baƙo ya lura, Berger biyu ne a garin nan. Akwai na Ojodu, inda ake fita zuwa Badun, akwai kuma wanda nake nufi, a gefen babbar hanyar Apapa zuwa Oshodi, kusa da Mile 2. Tashar jiragen ruwa ta Tin Can, wadda aka buɗe a 1977, ba ta da nisa da wurin, don haka mota na sauka daga jirgi sai ta zarce nan. Yarbawa suna kiran irin waɗannan motoci tokumbo, watau abin da ya ƙetaro teku. Mu a Arewa Beljiyam muke cewa, saboda a da yawancinsu daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam ake lodinsu.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi tsammanin wani gari ne da motoci suka kori mutanensa. Ga su nan jere iyakar ganinka, Camry da Corolla da Sienna da manyan jif, hanci da hanci, har mutum sai ya karkace kafin ya ratsa. Yara suna ta wanke su da bokiti tun safe, ƙurar tireloli da tankoki kuma tana sake rufe su kafin azahar. Ba ka gama sauka ba 'yan kamasho sun kewaye ka, kowa na rantsuwa motar da kake nema tana hannun yayansa. Amma da muka faɗi abin da ya kawo mu sai murya ta sauya. Wani dillali ya dube mu daga sama har ƙasa ya ce, “Oga, wa zai taka kuloci a gosulon Apapa?” Gaskiyarsa. Yawancin kayan yanzu daga Amurka suke zuwa, inda giyar hannu ta yi ƙaranci, ɗan kasuwa kuwa ba ya ɗaure kuɗinsa a motar da za ta shekara ba a taya ba. Wannan ya zame mana alheri ta wani gefen, domin mai irinta ya ƙagu ya rabu da ita. Ta ɗaya gefen kuma aminina ya gane cewa ran da ya tashi sayarwa, shi ma haka zai zauna jiran mai taya.

Ba mu kaɗai muka je ba. Mun ɗauko wani dattijon bakanike daga Agege, wanda ya koyi aiki a kan Peugeot 504 tun zamanin da kamfanin haɗa su na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, yake tashe. Kayan aikin da ya riƙo uku ne: tocila, da kwalin da zai kwanta a kai, da ɗan maganaɗisu a aljihu.

Ta farko da aka nuna mana Peugeot 206 CC ce, mai rumfar ƙarfe wadda famfon mai ke naɗewa ya cusa a but. Kayan injinta ba su da wuyar samu a ƙasar nan. Baba ya sa aka buɗe rumfar aka rufe sau uku, a na ukun ta tsaya a tsakiya kamar mai hamma. Muka wuce.

Ta biyun ita ce ta kusa cinye mu. A wani fili take can bayan kasuwa, ja wur, ƙirar BMW Z3, irin wadda aka yi daga 1995 zuwa 2002 a jihar South Carolina ta Amurka, wadda kuma ta fito a fim ɗin James Bond na 1995. Dogon hanci gare ta, da ƙugi mai daɗin ji. Tana da wata fa'ida ta gaske, domin kayanta da yawa ɗaya ne da na BMW 3 Series ta zamaninta, waɗanda ake samu a kasuwar Ladipo da ke Mushin. Aminina ya zauna a ciki ya kama sitiyari, na ga idonsa na san an gama. Har ya ciro waya zai tura kafin alƙalami. Baba bai ce uffan ba. Ya tura kujera baya, ya haska dogon ƙarfen da take gudu a kai, ya ɗaga kafet ya shinshina, sa'an nan ya sa yatsa can ƙarƙashin dashbod ya fito da busasshen taɓo mai laushi kamar garin lalle.

“Yarana,” in ji shi, “wannan ta kwana a ruwa.”

Mai motar ya ce ruwan sama ne ya taɓa ta a tasha. To, kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba. Muka buga lambar a intanet, sai ga hoton motar a filin gwanjon kamfanonin inshora a Amurka, da layin laka a ƙofarta. Mai karatu zai tuna guguwar Harvey ta 2017, wadda ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a birnin Houston. Bayan kowace ambaliya irin wannan, inshora kan biya masu motocin, ta yi gwanjon gawarwakin da arha, wasu kuma su bi jirgi su iso mana an wanke an fesa turare. Injin yana iya tashi lafiya yau. Wayoyin lantarki da ƙananan na'urorin da ruwa ya shiga su ne za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wata bayan wata. Na tuna adashena, na ji gumi ya keto mini.

Ta ukun Mazda ce tsohuwa, daga Ingila. Ingila da Japan sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun ran 2 ga Afrilu 1972 muka koma bin hannun dama, sitiyari a hagu, doka kuma ba ta yarda da mai sitiyarin dama ba. Saboda haka wasu kan yanke su mai da shi hagu. Baba ya kunna waifa, muka ga tana share gefen fasinja fiye da na direba, ya nuna mana tabon walda a inda sandar sitiyari ta ratsa. Ya ɗora maganaɗisunsa a ƙasan ƙofa, gab da tayar baya, sai ya faɗo ƙasa. Babu ƙarfe a wurin, sai cikon mai gyaran bodi da fenti. A ƙasashen sanyi gishiri ake zubawa a hanya don narkar da ƙanƙara, shi ke cin gindin mota. Motar da ba ta da rufin ƙarfe kuwa ƙarfinta duk a gindin yake, in ya ruɓe babu abin da ke riƙe da ita. Akwai wata Honda S2000 da aka yi mana kwatance ta waya, amma da muka ji kuɗin ba mu nemi ganinta ba.

Wadda muka saya ba a Berger muka same ta ba. Wani mai shayi ɗan Katsina da ke bakin kasuwar ne ya ce yana ganin wata 'yar ƙarama a lulluɓe a Festac, unguwar da aka gina don bikin al'adun baƙar fata na 1977. Mai ita tsohon injiniyan jirgin ruwa ne, gwiwa ta hana shi taka kuloci. Mazda MX-5 ce, ƙirar 2008, shi ya shigo da ita da kansa daga Jamus. An fara nuna wannan samfuri a Shikago a 1989, a Hiroshima ake ƙera shi, a 2016 kuma aka cika guda miliyan ɗaya, abin da ya sa ko'ina a duniya akwai wanda ya san ciwonta da maganinsa. Nauyinta kaɗan ya ɗara tan ɗaya, tayoyin baya ke tura ta, rumfarta ta tamfol ce wadda ake ja da hannu ɗaya, babu famfo balle ya lalace. Dattijon ya fito mana da wata tsohuwar jaka cike da rasiɗin juyen baƙin mai da sayen taya, kowanne da kwanan wata. Baba ya daɗe a kan jakar nan fiye da yadda ya daɗe a kan injin.

Duk da haka bai raga mata ba. Ya ce kada a tada ita sai mun zo da safe, don ya ji yadda take tashi da sanyi. Ya hau da ita titi, ya sa giya ta huɗu tana tafiya a hankali, ya take totur. In kuloci ya cinye, injin zai yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba. Wannan ta amsa. Sa'an nan ya sa ni a ciki, aka rufe rumfa, yaron gidan ya sakar mini tiyo minti goma. Ruwa ya ɗigo mini a kafaɗar dama daga robar da ta bushe, Baba kuma ya zura waya a ramukan da ke bayan kujeru, inda ruwan rumfa ke bi ya fita, ya zaƙulo ganye da ƙasa. Da wannan aka rage mana wani abu a ciniki. Ya kuma faɗa mana aibinta ba ɓoye-ɓoye: tsakaninta da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba, ba ta zuwa da safaya, kayanta kuma ba a zube suke a Ladipo ba, wani abin sai an aiko daga waje a jira makonni. Daga Yuni zuwa Yuli, lokacin da titunan Ikko ke zama kogi, ya ce a lulluɓe ta a manta da ita. Takardar biyan kuɗin kwastan muka kai aka tabbatar kafin mu biya ko kwabo, domin tun 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, hanyar da muke son bi kuwa ita ce ta zuwa iyakar Seme.

A watan Disamba, da hunturu ya ɗan leƙo, muka kama hanyar Badagry bayan sallar asuba. Kada mai karatu ya zaci a buɗe muka tafi. Daga Mile 2 muka wuce Trade Fair, muka wuce tashar da har yau ake kira Volkswagen saboda kamfanin da ya fara haɗa motar nan mai ƙirar kunkuru a wurin a 1975, muka wuce Alaba Rago inda mutanenmu suka daɗe suna cinikin tumaki, duk rumfa a rufe, saboda hayaƙin danfo da kuma masu dogon hannu. A Okokomaiko ƙafata ta hagu ta fara rawa. Sai da muka bar Agbara aminina ya miƙa hannu ya ja rumfar baya.

Nan fa na gane abin da ya sa ya tara kuɗin shekara uku. Mutum yana zaune kusa da kwalta har ya ji kamar zai taɓa ta, giya tana shiga da ɗan motsin wuyan hannu, bishiyoyin kwakwa suna wucewa ta saman kai, ga ƙanshin ruwa da hayaƙin masu gasa kifi. Ba mu yi wani gudu ba, hanyar ma ba ta yarda ba. Iska ta ɗauke hular aminina, sabuwar zanna bukar, ba mu sake ganinta ba. A kowane shingen bincike, ga su kuwa da yawa, sai an duba takardu, sa'an nan a roƙe mu mu rufe rumfar mu buɗe a gani.

A Badagry muka tsaya a bakin ruwa, kusa da benen nan da 'yan mishan suka gama a 1845, wanda ake cewa shi ne bene na farko a ƙasar nan. Daga can ana hango tsibirin Gberefu, inda ake ratsawa da bayi zuwa bakin teku. Muka sha ruwan kwakwa, yara suka kewaye motar. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya rana ta gasa kujerun har ba a iya zama, tilas muka ja rumfa muka kunna na'urar sanyi kamar kowa. Duka-duka tafiyar da muka yi a buɗe ba ta kai awa biyu ba. A gidan mai kuma na tuna cewa tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023, shan iska ma sai da lissafi.

A dawowa, ni ke tuƙi, wani rami ya ɓoye a bayan tirela. Na ji ƙarar ƙarfe a ƙarƙashina har cikin haƙori. Aminina bai ce kome ba, ni ma ban dube shi ba. Da magariba muka shiga garejin Agege, Baba ya shimfiɗa kwalinsa, ya shige da tocila. Ya jima, sa'an nan ya fito yana kakkaɓe riga ya ce marikin salansa ne kawai ya karye, mai walda zai gama kafin isha'i, amma wanda ke riƙe da sitiyari shi zai biya. Na biya. Asabar ɗina ta gaba ita ce ta biyu ga watan Janairu, makon da ake komawa makaranta.