Maƙeri a cikin maganaɗisu

Shekara arba'in ya yi yana bugun ƙarfe a Damagaram kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Da ƙafarsa ta hagu ta fara mutuwa, likita ya ce sai an ga jijiyoyin gadon bayansa, waɗanda hoton ƙashi ba ya nunawa. Haka ɗiyarsa ta ɗauko shi, suka yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai domin hoton da ake kira IRM.

Tambayar farko ta ba shi dariya.

"Baba, ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonku?"

"Ɗana, maƙeri kake tambaya?"

Ma'aikacin bai yi dariya ba. Ya ce na'urar wani babban maganaɗisu ne mai ƙarfin tesla 1,5, wato ya ninka na duniya kusan sau 30.000, kuma ba a kashe shi dare da rana. Ɓarɓashin da ya kwana shekaru a ido yana iya motsawa ya yi ɓarna. Sai da aka ɗauki hoton idanunsa aka ga babu kome, aka kuma tabbatar ba shi da na'urar bugun zuciya, kana aka ce ya cire zobe da agogo da layar da ke damtsensa. Layar ce ta fi yi masa wuya. Ya miƙa ta ga ɗiyarsa bai ce uffan ba.

Aka kwantar da shi a kan wani siririn gado, aka toshe masa kunnuwa, aka damƙa masa ƴar ƙwallon roba, aka ce ya matsa in ya ji ba zai iya ba. Da gadon ya zame cikin ramin, rufin na dab da fuskarsa, sai kabari ya faɗo masa a rai. Ya rufe ido, ya kama salati.

Can ƙara ta tashi, bugu a kan bugu. Wannan kam ya san ta: haka maƙera take da hantsi. Ya shiga ƙidayar bugun, numfashinsa ya daidaita. Babu zafi, babu yanka, sai ɗan ɗumi a baya. Na'urar tana aika igiyar rediyo, ruwan jikinsa yana amsawa, kwamfuta tana mai da amsar hoto. Abu ɗaya aka roƙe shi: kada ya motsa, domin motsi kaɗan yana dusashe hoton, a koma farko.

Minti 30 ya yi a kwance. Sakamakon sai da likita ya karanta: guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya zamo ya danne jijiya. Ko zai koma maƙera, wannan sai magani ya nuna.

A bakin ƙofa ya karɓi layarsa, ya ce wa ɗiyarsa: "Tunda nake, ban taɓa jin bugu haka hannuna na zaune ba."