Shaidar Mutane da Shaidar Takarda

A wani gari na ƙasar Katsina akwai wani malami mai koyar da lissafi. Ya shekara goma sha biyu yana wannan aiki a makarantar sakandare guda, har ya zama ba wanda bai san shi ba, tun daga bakin kasuwa har ƙofar fada. In an yi gardama kan rabon gado ko awon gona, shi a ke kira ya buga lissafi, abin da ya faɗa kuwa shi ke nan. Lokacin jarrabawa iyaye su kan tura 'ya'yansu su kwana a zaurensa suna bita, ba wanda ya taɓa tambayarsa wata takarda. Sai dai albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, ga iyali, ga tsohuwa.

Cikin watan Fabrairu na 2023 Gwamnatin Ingila ta buɗe ƙofa ga malaman waɗansu ƙasashe, har da Nijeriya da Gana. Ta ce mai koyar da lissafi, ko kimiyya, ko harsuna, yana iya neman takardar shaidar ƙwararren malami irin tasu tun yana gida. Da labari ya iske malamin nan sai ya ce a ransa, mutumin da gari duka ya yarda da shi, me zai yi masa wuya? Ya manta hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Da farko aka nemi takardar digirinsa, da ta koyon aikin malanta, da shaidar cewa ya yi aƙalla shekara guda yana koyarwa. Sa'an nan aka ce lalle Majalisar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1993, ta aika da wasiƙa can da kanta, ta tabbatar sunansa na cikin littafinta, ba a kuwa taɓa hana shi aiki ba. To, a kan sunan nan ya fara tuntuɓe. Takardarsa ta sakandare ta rufe da sunan garinsu, ta jami'a ta rufe da sunan ubansa, fasfo kuma ya rubuta sunan yankansa da waɗansu baƙaƙe dabam. Ranar haihuwa ma biyu ce, domin ran da aka kai shi firamare shekarunsa aka kintata aka rubuta. A gida wannan ba kome ba ne, kowa ya san mutum ɗaya ne. Amma akawun da ke zaune a Ingila bai taɓa ganin fuskarsa ba, mutum uku ya ke gani a kan tebur. Dole malam ya je kotu ya yi rantsuwa, ya kuma buga sanarwa a jarida, kafin mutanen nan uku su koma ɗaya.

Da takardar ƙwarewa ta fito sai ya gane ita ba aiki ba ce, ba kuma biza ba ce. Ya yi ta rubuta wa makarantu har wata ta amsa. Daga nan aka shiga binciken hali. Tun watan Afrilu na 2017 dokar Ingila ta ce malamin da ke neman bizar aiki ya kawo takardar 'yan sanda daga kowace ƙasa da ya zauna wata goma sha biyu ko fiye cikin shekara goma da suka wuce. Ta Nijeriya ya samu bayan ya dangwala yatsunsa goma. Amma daga 2016 zuwa 2018 ya ɗauki hutun karatu ya tafi Hartum ƙaro ilmi, saboda haka sai ya kawo ta Sudan. Sudan kuwa yaƙi ya ɓarke a cikinta tun ran 15 ga Afrilu, 2023, mutanen Hartum sun watse, ba wanda zai buɗe maka fayil. Doka ta yarda wanda ya rasa hanya ya rubuta dalilinsa, ya nuna irin ƙoƙarin da ya yi. Haɗa wannan hujja ya ci masa watanni. Kafin ya gama, takardar gwajin tarin fuka da ya yi gaggawar karɓowa a Abuja ta mutu, don wata shida kaɗai ta ke yi. Ya sake biyan kuɗin mota da na likita.

Wata rana da dare tsohuwarsa ta gan shi zaune tsakiyar takardu, ta ce, "Wai me a ke nema ne haka, ɗan nan?"

Ya ce, "Inna, so su ke su san ko ni mutumin kirki ne."

Ta ce, "Ba sai mai unguwa da liman su yi maka shaida ba?"

Ya ce, "Ai ba su san mai unguwa ba, Inna. Takarda suka sani."

Ta yi shiru, can ta ce, "To, ita takardar ta san ka?"

Mai karatu zai so ya ce Turawa sun cika fitina. Amma a bari a ji dalilinsu tukuna. Cikin watan Agusta na 2002, a wani ƙaramin gari na Ingila mai suna Soham, wani mai kula da ginin makaranta ya kashe 'yan mata biyu 'yan shekara goma goma. Binciken da aka fitar a 2004 ya nuna cewa a lardin da ya baro an sha kai ƙararsa ga 'yan sanda kan taɓa 'yan mata, amma labarin bai kai ga waɗanda suka ɗauke shi aiki ba. Da suna biyu kuma ya ke yawo. Tun daga nan suka tsananta. Hukumar da suka kafa a 2012 don binciken masu aiki da yara, littattafan ƙasarsu ta ke dubawa, ba ta ganin na Hartum ko na Katsina. Shi ya sa baƙo zai zo da tasa shaidar. Wanda zai ba ka amanar ɗansa alhali bai san asalinka ba, ba a ce ya yi laifi don ya tambaya.

Duk da haka tambayar tsohuwa tana nan. Takardar 'yan sanda ba ta ce mutum nagari ne ba, iyakarta ta ce ba a taɓa kama shi ba. Cikin tulin nan duka takarda ɗaya ce ta san malam, watau wasiƙar da tsohon hedimastansa ya rubuta, inda ya faɗi halinsa da yara da yadda ya ke riƙon aji. Ita kaɗai ce muryar gari da ta ƙetare teku.

Saura kuɗi. Tun watan Fabrairu na 2024 kuɗin asibiti da a ke karɓa tare da biza ya koma fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro, a biya na dukan shekarun gaba ɗaya. Malam ya ɗauki alƙalami. Shi da matarsa da 'ya'ya uku, shekara uku, fam 13,194 ke nan, ban da kuɗin bizar kanta da na jirgi. Ya ajiye alƙalami, ya sayar da gonar da ya gada, ya tafi shi kaɗai cikin watan Satumba.

Ba za a ƙi gaskiya ba, albashi na zuwa ranar da aka ce, abin da ya ke aikowa gida ya fi abin da ya ke samu da can nesa ba kusa ba. Amma kuɗin hayar ɗaki guda kan kwashe kashi mai yawa. Cikin Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Yara ba su miƙewa in ya shiga aji, bulala kuwa an hana ta a makarantun gwamnati tun 1987, sai ya koyi sabon riƙon aji yana da furfura. Mutumin da a ke kira ya raba gardama ya koma sabon shiga, wanda a ke zuwa a zauna bayan ajinsa a duba koyarwarsa. Bizarsa kuma a ɗaure ta ke da makarantar da ta ɗauko shi. In aikin ya ƙare, galibi kwana sittin a ke ba mutum ya sami wani ko ya fita. A gida kuwa shekarun aikinsa sun yanke, 'yan ajinsa sun yi zango guda ba mai koya musu lissafi. Da tsohuwa ta kwanta ciwo da azumi, a waya ya yi mata sannu.

Bayan ya shekara ya rubuto wa hedimasta wasiƙa. Bayan gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, in wani malami ya zo maka da shawarar tafiya, kada ka hana shi, kada kuma ka zuga shi. Ka ce ya buga lissafin abin da zai bari kamar yadda ya ke buga na abin da zai samu. Ya fara neman takardar da ta fi wuya, ya bar mai gajeren wa'adi sai ƙarshe. Roƙona ɗaya ne. A duba rajistar yaranmu, kowane yaro a rubuta sunansa iri ɗaya, da ranar haihuwa ɗaya, tun daga aji ɗaya har ya fita. Wata rana zai je inda ba wanda ya san ubansa."

Hedimasta ya karanta sau biyu. Da gari ya waye ya sa aka kawo masa rajista, ya kira 'yan aji ɗaya, yana tambayar kowane yaro sunansa da na ubansa, yana gyarawa da jan alƙalami. Kafin azahar ya gyara goma sha ɗaya.