Rijiyar Katako ta Birnin Paduwa

Daga ƙasa ake kallon ɗakin, kuma babu wanda ya gaya mini haka kafin in zo. Na ɗauka za a hau da mu bene, mu tsaya inda ɗalibai suke tsayawa a da, mu leƙo ƙasa. Sai ga jagorarmu ta kora mu wani ɗan lungu mai gajeren rufi, ta ce mu riƙa shiga kaɗan-kaɗan, kowa ya ɗaga kai. Na ɗaga. Abin da na gani kamar mutum ya faɗa rijiya yana hangen bakinta: zobe shida na katako, kowanne ya fi na ƙasansa faɗi, sun hau kan juna har can sama. Sai da na ɗan jima kafin na lura cewa daidai inda kaina yake, nan ne mazaunin teburin da ake shimfiɗa gawa. Ashe mahangar mamaci aka ba ni. Na yi a'uziyya a raina, na gyara tsayuwa.

Wurin yana Paduwa, birni a arewacin Italiya, tafiyar kamar rabin sa'a a jirgin ƙasa daga Venis. (Bahaushe dai Faduwa zai ce, kuma da na ga yadda matakan ɗakin suke a tsaye, sunan bai yi nisa da gaskiya ba.) An kafa jami'ar garin a 1222, lokacin da wasu malamai da ɗalibai suka baro Bolonya suna neman inda za su yi karatu babu takura. Tsohon gininta sunansa Palazzo Bo, wato gidan sa, domin a da masauki ne mai alamar kan sa a ƙofa, a unguwar mahauta. Gidan mahauta ya zama gidan masu feɗe mutum. Ko tarihi ma yakan yi barkwanci.

Da safiyar hunturu na isa, hazo ya lulluɓe gari, sanyi na shiga ƙashi. Farfajiyar ciki tana da rumfuna hawa biyu a kan ginshiƙai, bango da rufi duk cike da tambarin tsofaffin ɗalibai da malamai, dubbai, wasu fenti wasu sassaƙa. A gindin matakala akwai mutum-mutumin Elena Cornaro, wadda ta karɓi digirin dakta a nan a 1678, mace ta farko da aka sani ta yi haka. A wani zaure kuma ga mumbarin katako, mara ko ado, wanda ake cewa a kansa Galileo ya koyar tsakanin 1592 da 1610. Nan yawancin abokan ziyarata suka fi daɗewa. Ni kuwa hankalina yana kan wani tambari guda a farfajiya: hannu riƙe da kyandir, macizai biyu sun nannaɗe shi. Na wani saurayi ne daga Ingila, William Harvey, wanda ya gama karatun likita a nan a 1602.

Malaminsa, Fabricius, shi ya sa aka gina rijiyar katakon. An buɗe ta a farkon 1595, aka yi ta amfani da ita har 1872, kuma ita ce mafi tsufa a cikin irin waɗannan ɗakuna da suka rage a duniya. Ta fi ƙanƙanta da yadda hoto yake nuna ta. An ce tana cin mutum wajen ɗari uku, amma a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, babu kujera ko ɗaya. Tsakanin bango da dogarin katako bai wuce faɗin mutum siriri ba, har jagorar ta ce wanda ya suma ma ba shi da wurin faɗuwa. Babu hasken rana a lokacin, da kyandir da fitilu ake aiki. A hunturu kawai ake feɗewa, tunda babu firij, kuma gawa guda sai ta yi kwanaki a kan tebur. Ka haɗa hayaƙin kyandir da numfashin mutum ɗari uku da warin abin da ke kwance, sai ka fahimci dalilin da ya sa wani lokaci ake kawo makaɗa su ɗebe wa jama'a kewa.

Ba zan ɓoye ba, abin ya tsaya mini a wuya. Mu da muka taso a inda ake gaggauta kai mamaci makwancinsa, ake suturta shi, ake rage murya a kusa da shi, da wuya mu kalli wannan wuri hankali kwance. Galibi gawar waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa ake kawowa, kuma ba 'yan gari ba, don kada dangi su tayar da ƙura. Baƙo da mara gata, su suka biya kuɗin wannan ilimi. A zauren da ke kusa an jera ƙoƙunan kan wasu malaman jami'ar, waɗanda aka ce su suka yi wasiyya a yi nazari da jikinsu. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, ko ba komai wasu daga cikin masu riƙe wuƙar sun yarda a juya ta kansu.

To me suke nema a cikin jikin? A Hausa, kalma guda ce, jijiya, muke kiran igiyar da ke ɗaure tsoka da ita, da wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, da wadda jini ke bi. Ko ta jinin ma iri biyu ce. Akwai mai kauri, mai harbawa, wadda ke ɗauko jini daga zuciya. Ita likita ke taɓawa a wuyan hannu, ita ake aunawa a ce mutum yana da hawan jini. Babbarsu, wadda ke fitowa daga zuciyar kanta, ta kai kaurin babban yatsa ko ta fi. Akwai kuma mai laushi, mara harbi, wadda kake gani kore-kore a bayan hannunka, ita ke mayar da jini gida. Yau ɗan sakandare ya san wannan. Amma fiye da shekara dubu likitoci suna kan maganar Jalinus, babban likitan zamanin Rumawa, wanda ya ce hanta ce ke dafa jini daga abinci, ta tura shi gaɓoɓi su shanye, kamar yadda gona ke shanye ruwan ban-ruwa. A nasa lissafin jini tafiya yake yi, ba ya dawowa. Ya kuma ce akwai wasu ƙananan huji a bangon da ya raba zuciya biyu, waɗanda ido ba ya gani.

Wanda ya fara cewa babu waɗannan huji likita ne Musulmi, Ibn Nafis, haifaffen ƙasar Sham da ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288. A sharhin da ya yi wa littafin Ibn Sina ya ce bangon a toshe yake, dole jini ya fita daga ɓangaren dama ya ratsa huhu kafin ya shigo na hagu. Sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da rubutun a wani ɗakin karatu a Balin, duniya ta sake jin labarinsa. Akwai wani Andrea Alpago da ya yi shekaru a Dimashƙa yana fassara littattafan likitancin Larabci, ya dawo Paduwa, kuma an buga fassararsa ta wani ɓangare na aikin Ibn Nafis a Venis a 1547. Shekara goma sha biyu bayan haka, littafin Realdo Colombo, wanda shi ma ya koyar a Paduwa, ya fito da wannan magana ta huhu. Masana tarihi har yau suna jayayya kan ko ruwan ɗaya ne ya gangaro. Jagorarmu ba ta ambaci Ibn Nafis ba, ni kuma ban tsare ta ba, amma na ambace shi a zuciyata a gindin rijiyar.

Abin da ya kawo ni dai ƙofofi ne. Fabricius, yana cikin feɗe jijiyoyin da ke dawo da jini, ya ga a cikinsu akwai wasu 'yan fatu bibbiyu kamar aljihu, jere a tsawon hannu da ƙafa. Ya sa aka zana su da kyau, ya buga littafi a kansu a 1603, ya kira su ƙananan ƙofofi. Sai dai da ya zo fassara abin da ya gani, Jalinus ya riƙe masa hannu: ya ce aikinsu rage wa jini gudu ne, kada ya zubo gaba ɗaya ya taru a tafin hannu da ƙafa. Mutum ya ga ƙofa da idonsa, ya taɓa ta, ya zana ta, amma bai tambayi kansa wane gefe take buɗewa ba.

Ɗalibinsa ya tambaya. Harvey ya koma Landan, ya yi ta feɗe macizai da kwaɗi da karnuka shekara da shekaru, ya lura cewa duk ƙofofin zuciya suke fuskanta. In ka tura tsinke ta wajen zuciya zai wuce, in ka juyo da shi ƙofar ta rufe. Sannan ya yi abin da ɗan kasuwa zai yi: lissafi. Ya ƙiyasta abin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya, ya ɗauki mafi ƙanƙantar ƙiyasi, ya ninka da yawan bugun rabin sa'a. Abin da ya fito ya zarce duk jinin da ke jikin mutum. Wace hanta ce za ta dafa wannan, kuma daga wane tuwo? Babu makawa jinin nan guda ne yake zagayawa. Yanzu an san baligi yana da wajen lita biyar, zuciyarsa kuma tana tura kusan lita biyar ɗin a minti ɗaya in yana zaune. Ya buga hujjarsa a Farankfot a 1628, ɗan littafi mai shafi 72. Zanen hannun da ke ciki, daga littafin malaminsa ya ɗauko shi. A ƙarshen rayuwarsa ya gaya wa masanin kimiyya Robert Boyle cewa ƙofofin nan su suka fara sa shi tunani.

Saura mahaɗa, wato ta inda jini ke tsallakawa daga mai harbi zuwa mai laushi. Harvey ya rasu a 1657 bai gan ta ba. A 1661 Marcello Malpighi, a Bolonya, ya ɗora huhun kwaɗo ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga wata raga ta jijiyoyi da suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba, inda ƙwayoyin jini ke wucewa ɗaya bayan ɗaya kamar awaki a ƙofar garke.

Kafin mu fita aka nuna mana ɗan ƙaramin samfurin ɗakin, don mu ga yadda yake daga sama, da wasu tsofaffin kayan aiki a cikin gilashi. Na dube su sama-sama. Ƙafafuna ne suka dame ni, tun saukata daga jirgin sama takalmi yake matse ni. Ƙofofin Fabricius ba sa aiki su kaɗai, sai tsokar sha-raɓa ta matsa jijiya jini yake hawa daga wannan ƙofa zuwa waccan. In mutum ya zauna sa'o'i bai motsa ba sai ƙafa ta kumbura. Jijiyoyin da ke murɗewa su fito ɓaro-ɓaro a ƙafar mai yawan tsayuwa, ko mace mai juna biyu, ƙofofin ne suka saki.

A jirgin komawa Venis na gwada abin da Harvey ya zana. Duk wanda aka taɓa ɗibar jininsa a asibiti ya ga rabin gwajin: in nas ta ɗaure dantse da roba, ta ce dunƙule hannu, ƙasan ɗaurin ne jijiyoyi ke tashi, domin jini mai komawa gida aka tare wa hanya. Na naɗe hannun riga, na ɗaure dantsena da hankici, na ja da haƙori. Jijiya ta taso, da wasu 'yan ƙulle-ƙulle nan da can, mazaunin ƙofofin ke nan. Na danne ta da yatsa ɗaya, na sa wani na share jinin sama har ya wuce ƙulli, na ɗaga na saman. Wurin ya kwanta fayau, jinin bai dawo ba. Na ɗaga yatsan ƙasa, nan take ta cika. Na sake, na kuma sakewa. Wata tsohuwa da ke zaune daura da ni ta sauke jaridarta tana kallona ta saman tabarau. Na nuna mata hannun, na ce "Harvey". Ta ɗan yi shiru, sannan ta ajiye jaridar a cinya, ta fara naɗe hannun rigar sanyinta.