Ranar da muka kasa ƙirga kakanninmu

A hutun ƙarshen shekara da ya wuce, 'yar baffanmu ta zo Kano daga Ingila, inda aka haife ta. Mahaifiyarta Baturiya ce. Mu uku da ke sakandare a gidan aka ɗora wa aikin raka ta gaishe-gaishen dangi. A daren farko muna ta zuba ido mu ga tsaraba, sai ta ciro wata doguwar takarda ta shimfiɗa a kan tabarma. An zana bishiya a jiki, kowane reshe da suna da shekara. Ɓangaren mahaifiyarta ya cika maƙil, har ya kai shekarun 1700. Namu ɓangaren kuwa sunaye uku ne kacal: Baffa, mahaifinsa, sai Kaka. Ta miƙo mana biro ta ce mu cike mata sauran.

Muka tsaya kallon-kallo. Mu da muka haddace sunayen sarakunan Kano saboda jarrabawa, muka kasa faɗin sunan wanda ya haifi kakanmu. Don mu rufe kunya, sai muka tambaye ta yadda aka yi ta samo nata.

Ta ce a cikin littattafan coci ta same su. A shekarar 1538, Thomas Cromwell, babban na hannun daman Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowace coci a Ingila ta riƙa rubuta jariran da aka yi wa baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, da waɗanda aka ɗaura wa aure, da waɗanda aka binne. Wasu littattafan sun ɓace, wasu ruwa ko gobara ta cinye, amma da yawa suna nan. Sai a 1837 gwamnati ta fara tata rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Hanyar binciken ita ce, ka nemo auren iyaye, daga nan ka koma baya ka nemo haihuwar kowannensu, can za ka ga sunayen nasu iyayen, haka dai hawa-hawa. Babu sarki ko ɗaya a cikin danginta. Akwai masaƙi, akwai 'yan ƙodago, akwai wanda ranar aurensa alama kawai ya zana don bai iya rubuta sunansa ba. Akwai kuma yaron da aka rubuta sunan uwarsa babu na uba. Shi ma ta sa shi a bishiyar.

Da ta rasa hanyar gano ɓangarenmu, sai ta yi gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ake kira DNA. Miyau ake tofawa a 'yar kwalba a aika wa kamfani. Kowane mutum yana gadon rabin ƙwayoyinsa daga uwa, rabi daga uba, su kuma kamfanonin sukan kwatanta naka da na mutanen yankuna daban-daban da suka riga suka tara. Sakamakonta ya nuna kusan rabi daga Turai, rabi daga Afirka ta Yamma. Muka yi dariya muka ce ai wannan ko madubi zai faɗa mata. Gwajin yana iya nuna yanki, yana iya haɗa ka da wani ɗan uwa idan shi ma ya yi, amma bai ba ta sunan kaka ko ɗaya ba.

Ta ba mu misali da Sarki Richard na Uku, wanda aka kashe a yaƙi a 1485. A 2012 aka tono wasu ƙasusuwa a ƙarƙashin wurin ajiye motoci a birnin Lesta. Kafin a tabbatar nasa ne a 2013, sai da masana suka bi tsofaffin takardu daga yayarsa, 'ya bayan uwa, har suka iso kan jikokinta da ke raye, sannan aka gwada irin ƙwayar da ake gada ta wajen uwa kaɗai. Ba don takardun ba, da ba a san wanda za a gwada ba.

To mu ina namu takardun? Suna kwance a ɗakin Kaka, cikin kanta.

Da muka je mata, sai ta fara da tsokana. Ta dubi baƙuwarmu ta ce, "Kishiyata, daga Turai kika taso don ki tone mini asiri?" Amma bayan sallar isha'i ta sa aka kira mu. Ta jero kakannin kakanmu har hawa huɗu, fatake ne masu zuwa Gwanja sayen goro. Ba ta san shekaru da lamba ba, sai dai ta ce an haifi wane shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano. Mu kuma mu buɗe littafin tarihi mu rubuta 1911.

Da aka zo kan tata kakar, ta wajen uwa, sai ta yi shiru. Can ta ce baiwa ce. Tana yarinya ƙarama aka kamo ta daga wani gari mai duwatsu a kudu, 'yan shekaru kafin Nasara su ci Kano, wato kafin 1903. Tsagen fuskarta ba irin na nan ba ne. Sunan da aka laƙaba mata a gidan da aka kawo ta shi kowa ya sani, na yankanta kuwa ya tafi tare da ita.

Nan gardama ta tashi. Babbanmu ya ce kada a rubuta, don in maganar ta fita, a makaranta za a riƙa ce mana jikokin baiwa. Wata gwaggonmu ma da ta ji washegari ta ce ba a tona irin wannan, musamman gida mai 'yan mata da za a zo bincike kafin aure. Gaskiya mu ma zuciyarmu ta karkata ga a bar gurbin fayau. Kaka ce ta raba gardamar. Ta ce, "Ita ta goya ni, ita ta koya mini kaɗi. Wanda ya raba ta da uwarta shi ke da abin kunya. Ku rubuta ta." Muka rubuta ta, da babban baƙi.

'Yan uwa ɗalibai, kowannenmu yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, kakannin kakanni 16. Ku gwada ku ga nawa za ku iya faɗa. Ba sai kun jira kuɗin gwaji ba. Littafin rubutu ɗaya ya isa, da wayar ɗaukar murya idan an yarje muku. Ku tambayi sunaye da laƙabi, da garin da aka fito, da sana'a, da abin da ya faru a shekarar haihuwa. Ku tambayi tsoho fiye da ɗaya, ku rubuta wanda ya faɗa muku kowace magana. Kada ku manta da mata, su aka fi saurin mantawa. Ku kuma duba bayan tsofaffin littattafan gida, don malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a can da ajami.

Watanni kaɗan bayan tafiyar 'yar baffanmu, Kaka ta kwanta rashin lafiya. Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma yanzu takan cakuɗa sunaye, wani lokacin ta kira mu da sunayen ƙannenta da suka daɗe da rasuwa. Idan hakan ta faru, sai mu ɗauko littafin mu karanta mata abin da ta faɗa mana a daren nan, tana saurare tana gyaɗa kai.