Abin da Ke Riƙe da Mai Bi a Zamfara

Kiristocin Gusau da Tsafe da Bunguɗu 'yan ƙalilan ne a tsakiyar maƙwabtansu Musulmi, kuma kusan kowace tsara a cikinsu ta ga lokacin da aka yi zaton zaman ikilisiya a wannan ƙasa ya zo ƙarshe. Amma har yau ana fita sujada ran Lahadi, ana yi wa sababbin masu bi baftisma, ana ɗaura aure, ana binne mamata da waƙoƙin bege. Matasa sukan ɗauka cewa taurin zuciya ne ya kawo iyayensu nan. Mu da muka ga jiya muka ga yau mun san ba haka abin yake ba. Masu ƙarfin hali da yawa sun gaji a hanya sun koma gefe, raunana da yawa kuma sun tsufa da bangaskiyarsu a hannu. Abin da ya raba su shi ne wasu sun bari ƙaunar Allah ta riƙa iso gare su ta hannun 'yan'uwa, wasu kuwa sun ce za su iya su kaɗai. Mai bi yana jimrewa ne domin akwai waɗanda ke riƙe da shi, kuma Allah ya ga dama ya yi wannan riƙo ta wurin taron ikilisiya.

Tarihin wurin ma shaida ne. Sa'ad da layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau har ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kwaso ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwar gyaɗa da auduga, da yawansu Kiristoci daga kudu. Waɗannan baƙi sun fara taruwa suna addu'a a junansu tun ba su da mai yi musu hidima kowane mako. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, a 1937 kuma mishan ɗin SIM, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta, ta karɓi aikin jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato. Limaman Katolika 'yan ɗariƙar Dominikan daga Amurka sun zauna a Gusau cikin shekarun 1950, matan zuhudu na ɗariƙar suka biyo su a 1956 da aikin jinya da koyarwa. Sai ga rikicin 1966, wanda ya kori Inyamurai daga garuruwan Arewa, har da Gusau, ya bar kujerun majami'u wayam. A shekarar ce kuma Bishop Edward Lawton na Sakkwato ya rasu. Bayan yaƙin basasa gwamnati ta karɓe makarantun mishan, Turawan mishan kuma suka yi ta raguwa har suka zama sai labari. Duk abin da mutum zai ce shi ne ginshiƙin ikilisiya a wancan zamani, wato baƙi masu albashi da makaranta da Bature mai kuɗin waje, an janye shi ɗaya bayan ɗaya, amma taron bai mutu ba.

Aka sake gwada shi bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. A ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. Ko da yake an ce dokar ba ta hau kan wanda ba Musulmi ba, tsoro ya shiga gidajen Kirista, musamman bayan jinin da aka zubar a Kaduna a watan Fabrairu na wannan shekara, wasu suka mayar da iyalansu garuruwansu. Koke-koken da suka biyo baya sanannu ne: wahalar samun fili da takardar izinin gina majami'a, da rashin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati. Daga baya satar shanu ta rikiɗe ta zama ta'addancin 'yan bindiga, hanyar Funtuwa zuwa Tsafe zuwa Gusau ta zama wadda ake shiga da addu'a a baki. A ƙarshen 2021 har wasiƙar barazana aka samu da ke cewa a rufe majami'un jihar. Idan da bangaskiyar mutanen nan ta rataya ne ga goyon bayan hukuma ko ga kwanciyar hankali, da tuni an manta da su. Abin da ya ratsa duk waɗannan zamanai bai canza ba shi ne mutane ƙalilan da suka san sunan juna, suka san gidan juna, suke lura idan ɗaya bai zo ba.

Dalilin wannan yana cikin koyarwar addinin kanta. Kirista ya gaskata cewa Allah bai tsaya ga aiko da saƙon ƙauna daga nesa ba, ya zo cikin jiki a Yesu Almasihu, ya ci abinci da mutane, ya taɓa kuturu, ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa Li'azaru. Wanda ya nuna ƙaunarsa ta wannan hanya ba abin mamaki ba ne ya ci gaba da nuna ta ta hannun mutane, shi ya sa Manzo Bulus ya kira ikilisiya jikin Almasihu. A duba abin da ke faruwa idan aka yi rasuwa a gidan wani mai bi. Kafin fasto ya iso, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, sun riga sun cika tsakar gida cikin zanensu iri ɗaya. Wata ta zo da kwanon masara, wata da itace, wata ta ɗauki yaran gidan ta tafi da su nata ɗakin. Da dare ya yi sai a fito da tulun kiɗa da caki, a yi ta rera waƙoƙi a hankali, gwauruwar tana zaune a tsakiya ba ta iya buɗe baki. A wannan dare ba ta da ƙarfin yin addu'a, wasu ne ke yi a madadinta. Bayan wata uku, lokacin da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, biyu daga cikin matan nan za su zo su ce, “Mama, shirya mu tafi sujada tare.” Idan aka tambaye ta bayan shekaru yadda ta san Allah bai yashe ta ba, waɗannan matan za ta ambata.

Akwai mai cewa bangaskiya a zuci take, Allah yana ko'ina, don haka me zai sa mutum ya jefa kansa cikin haɗari don zuwa taro alhali zai iya karanta Littafinsa a ɗaki ya saurari wa'azi ta waya? Gaskiya ne Allah yana jin addu'ar ɗaka, kuma ba wanda zai ga laifin dattijon da ke ƙauyen Tsafe idan ya ƙi hawa hanya ranar da aka ji motsin 'yan bindiga. Amma zuciyar mutum idan ta daɗe ita kaɗai takan fara gaskata tsoronta, ta mai da zato ya zama tabbas, ba kuwa mai ce mata ta yi kuskure. Marubucin wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ya gargaɗi masu bi kada su bar taruwa, kuma mutanen da ya rubuta wa suna cikin tsanani ne, an ƙwace wa wasunsu dukiya, an ɗaure wasu. Batun waya kuwa, Zamfara ta riga ta ba da amsa. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar, aka rufe kasuwannin mako, har mutanen Gusau suka riƙa tafiya Funtuwa don su buga waya kawai. A waɗannan makonni mai wa'azin intanet bai san ko mabiyinsa ya ci abinci ba. Wanda ya sani shi ne dattijon ikilisiya da ya taka ya ƙwanƙwasa ƙofa. Hausawa sun gama magana da suka ce zumunta a ƙafa take.

Wani ƙalubalen ya fi wannan nauyi: idan Allah yana ƙaunar mutanen nan, me ya sa ake sace 'ya'yansu, ake sayar da gonaki don biyan kuɗin fansa? Ba daidai ba ne a rufe bakin mai wannan tambaya da wa'azi mai sauƙi, domin Ayuba ma ya yi ta, kuma abokansa da suka yi gaggawar kawo dalili su ne Allah ya tsauta wa. Abu biyu dai ya kamata a faɗa. Na farko, masifar Zamfara ba ta zaɓi addini ba. 'Yan matan Jangebe 279 da aka sace a Fabrairun 2021, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka ɗauke a Sabon Gida cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu a Satumbar 2023, da dubban manoman da aka raba da ƙauyukansu, sun nuna cewa mafi yawan waɗanda abin ya ci Musulmi ne. Kirista da ya ɗauki wahalar a matsayin alamar cewa shi kaɗai aka yasar bai dubi gidan maƙwabcinsa ba. Na biyu, addinin da alamarsa gicciye ce bai taɓa yi wa kowa alkawarin rayuwa marar ƙunci ba. Abin da Bulus ya tabbatar wa Romawa shi ne tsanani da yunwa da takobi ba su da ikon raba mai bi da ƙaunar Almasihu. Yadda ake ganin cikar wannan alkawari kuwa a fili yake: bayan an tashi sujada sai a sake zagayawa da kwanon baiko domin iyalin da aka kama musu mutum, mai facin taya ya sa nasa, malamar makaranta ta sa nata, wanda ya dawo daga daji kuma a zauna da shi har ya daina firgita cikin barci.

Masu sukar ikilisiya daga cikinta ma suna da hujja, kuma su ya fi kamata a saurara. Suna cewa taron da ake yabo cike yake da ƙabilanci da son kuɗi da rigimar shugabanci, cewa akwai majami'un da kowace ƙabila ke zama a nata ɓangare, Bahaushe mai bi kuma, wanda sau da yawa ya rasa dangi saboda bangaskiyarsa, yakan zama baƙo a cikin taron da ke ƙasar kakanninsa. Wannan gaskiya ce, kuma ta kori mutane fiye da yadda barazana ta kora. Sai dai laifin ba sabo ba ne. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin gunaguni a ikilisiyar farko kan cewa ana fifita gwaurayen wani yare wajen rabon abinci, manzanni kuwa ba su rushe taron ba, sun sa masu bi su zaɓi mutum bakwai su gyara rabon. Maganin taro mai aibi shi ne a zauna a ciki a gyara shi. Ana kuma ganin gyaran yana tafiya ko da a hankali: a 2023, da aka yanki sabuwar diyosis ɗin Katolika ta Katsina daga ta Sakkwato, Gerald Mamman Musa, Bahaushe, shi aka naɗa bishop ɗinta. Ikilisiyar da ke son ɗorewa a Zamfara dole ta ba sujadar Hausa da shugabannin 'yan ƙasa matsayin da ya dace, domin ma'aikacin da aka turo zai iya samun canjin wurin aiki gobe, manomin da aka haifa a gindin dutsen Kwatarkwashi kuwa nan zai tsufa.

Saura tsoron cewa riƙe zumuntar ikilisiya da ƙarfi zai sa Kirista ya killace kansa daga maƙwabta. Hakan na iya faruwa, kuma idan ya faru taron ya ɓata aikinsa. Wanda aka ƙaunace shi da kyau a cikin 'yan'uwa ya kamata ya fi kowa saurin zuwa gaisuwar rasuwa a gidan Alhaji, ya karɓi naman layya da godiya, ya aika da shinkafar Kirsimeti, ya buɗe ƙofarsa ga ɗan gudun hijira ba tare da tambayar inda yake sallah ba. Zaman Gusau ya daɗe a kan irin wannan mu'amala ta kasuwa da unguwa, kuma ita ce kariyar da ta fi katanga. Haka kuma ba a ce wanda ya kwashe iyalinsa ya koma Zariya ko Jos ya yi ridda ba, Yusufu ma ya gudu da Maryamu da jariri Yesu zuwa Masar. Abin da ake roƙonsa shi ne ya nemi taron masu bi a inda ya sauka tun makon farko, kada kuma ya manta da waɗanda ya bari.

Shawarar da tsofaffi za su bar wa na baya ke nan. Kada a auna lafiyar ikilisiya da tsawon gininta ko ƙarar lasifikarta, a auna ta da kwana nawa mutum zai yi bai zo ba kafin a je nemansa. Dattawa su raba unguwanni a tsakaninsu, kowane gida ya san wanda zai kira da tsakar dare. A ware wani kaso na baiko domin gwauraye da marayu da waɗanda aka sako daga daji kafin a yi maganar sabon rufi. A koya wa yara Littafi Mai Tsarki a gida da makarantar Lahadi, tun da ba a da tabbacin za su same shi a aji. Saurayi kuma ya saba da zuwa taro tun yana da ƙarfi da abin bayarwa, domin ranar da zai buƙaci a ɗauke shi tana zuwa, kuma waɗanda za su ɗauke shi su ne waɗanda ya zauna da su tun kafin ranar.