Da Siginar Rugby Muka Nemi Ruwa

A shekarun 1980, mu ɗaliban binciken ƙarƙashin ƙasa a Zariya muna neman ruwa ne da saƙon da ba domin mu aka aiko shi ba. Tashar GBR da ke Rugby a Ingila tana watsa sigina a kan kilohaz 16 saboda jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku, mu kuwa muna tsintar ta a gonakin Samaru da 'yar na'urar EM16 ta kamfanin Geonics. Za ka yi ta karkata na'urar har ƙararta ta lafa, sannan ka karanta kusurwa. Inda dutse ya tsage ruwa ya kwanta, lantarki ya fi samun hanya, sai lambobin su juya.

Amma fili somin-taɓi ne. Abin da nake kewa shi ne zaman da ke biyo baya. Da fensir muke fara tace lambobin bisa dabarar da Fraser ya fitar a 1969: a tara lambobi biyu, a ɗebe biyu na gaba. Daga nan sai mu zana ƙasar yadda muke zaton take, marmara a sama, ruɓaɓɓen dutse a tsakiya, tsagar a tsaye. Mu yanyanka zanen ƙananan gidaje, kowane gida da ƙarfin turjiyarsa ga lantarki, mu rubuta da harshen kwamfuta na Fortran, mu bar kwamfuta ta warware lissafin Maxwell ta faɗa mana abin da na'ura za ta gani in da zaton namu gaskiya ne. In layin da ta fitar bai hau kan na fili ba, a sake zato.

Jiran nan ya koya mana ƙasa. Tunda kowane gwaji yana cin lokaci, ba ka taɓa lamba sai da hujja. A nan na gane cewa a ƙasa mai turjiyar om-mita 100 siginar ta raunana sosai kafin ta wuce mita 40, in kuwa yumɓu ya rufe sama, ko hakan ba ta kaiwa. Na kuma ga siffofi biyu mabambanta sun ba da layi kusan iri ɗaya, muka raba dare muna gardama a kan wacce za mu nuna wa masu haƙa burtsatse.

An rufe GBR a 2003. Ranar da na ji labarin na yi jimami sosai, alhali ban taɓa taka garin Rugby ba.