Wutar da ba ta da rumbu

Manomi ba ya cinye hatsinsa ranar girbi. Rumbu yake yi, ya riƙa ɗiba har wata damina. Wutar lantarkin ƙasarmu kuwa ba ta da rumbu, kuma ni a ganina nan gizo ke saƙar.

A sashenmu na lantarki, tun a ajin farko aka koya mana cewa wutar da Kainji ko Shiroro ko Egbin suka samar yanzu, yanzun nan ake shanye ta. Dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake ja, bugun wutar ya tsaya a 50 cikin daƙiƙa. Idan babbar tasha ɗaya ta faɗi, bugun ya sauka, sai sauran su kashe kansu don kada injinansu su lalace. Shi ne za ka ji a rediyo wai babban layin ƙasa ya durƙushe, mu kuma a ɗakin kwana, ana gobe jarrabawa, mu koma karatu da fitilar waya.

Babban batir yana toshe irin wannan giɓi kafin ƙiftawar ido. A 2017 aka kafa wani mai ƙarfin megawat 100 a Hornsdale, kudancin Ostireliya, kusa da injinan iska, kuma aikinsa ke nan.

Sai kuma batun rana. Mu a Arewa Allah ya hore mana ita, amma sola da tsakar rana take ƙarfi, alhali bayan magariba muka fi buƙatar wuta. Shi ya sa tashar sola da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019 aka haɗa ta da batura.

Ku tuna Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna: fiye da mako jihohin Arewa suna cikin duhu, mai walda da mai ƙanƙara duk sun zauna. Batir ba zai gyara turken da aka kayar ba, amma da garuruwanmu na da sola da ma'ajiyarta, da asibiti da famfo ba su tsaya ba.

Gaskiya batir akwai tsada, kuma zafinmu yana rage masa kwana. Yana son mai lissafi da mai kula. To, 'yan'uwa ɗalibai, wa zai yi wannan aikin in ba mu ba? Ni dai aikina na kammala karatu a kan sanyaya ɗakin batir zan yi shi.